Ranar da Na Turara Kayan Yayata

Shekara biyu da suka wuce ina da shekara sha biyar, kuma duk wanda ya san ni a benenmu na Taman Melati zai shaida cewa bakina ba ya hutawa sai barci ya sace ni, shi ma Mama ta ce da ƙyar. Ni ce auta. Mu Kiristoci ne daga kudancin Kaduna, karatun Baba ya kawo mu Kuala Lumpur tun ina 'yar mitsitsiya, har na fi sanin rambutan, wani ɗan itace mai gashi na nan ƙasar, a kan mangwaron garinmu. Na rubuto muku ne saboda wani alheri da na yi wa yayata, wanda ya kusa raba ta da aikinta, ni kuma ya kusa raba ni da kunnuwana.

Yaya ta karanci aikin otal, tana koyon aiki a wani babban otal a cikin gari. Sashen da ta zaɓa shi ne na ruwan inabi, ja da fari, wato ita ce za ta riƙa gaya wa baƙi wanda zai dace da abincin da suka zaɓa. Na san masu karatu da yawa sun yamutsa fuska, to Mama ta riga ku. Ba ta yarda ba sai da ta gani da idonta cewa Yaya ba ta haɗiyewa, kurɓa take ta kurkure baki ta tofar a ƙaramin bokiti. Duk da haka Mama ta ce ita dai ba ta taɓa jin an kai yarinya jami'a don ta koyi tofar da yawu ba. Ni kuwa an yi mini kashedi cewa ranar da ɗigo ɗaya ya taɓa harshena za a cire shi a soya. Shinshinawa kawai aka bar mini.

In Yaya ta zauna gwaji, sai ta riƙe kofin gilashi ta ƙafarsa, ta karkata shi a kan farin ƙyalle ta dubi launin, ta ɗan jujjuya shi, sannan ta zura hanci ta yi shiru kamar mai sauraron gulma ta bayan ƙofa. Littattafanta cike suke da sunayen 'ya'yan itatuwan Turai da ko a mafarki ba ta taɓa gani ba, don haka a gida da namu take magana. Ta ce wani farin kamar an ɓare lemon tsami kusa da ciyawar da aka yanka yanzu, wani kuma laici ne sak, ɗan itacen nan mai zaƙi da muke saya a nan, da ɗan zuma. Ta ce wani jan yana kama baki kamar ɗanyar ayaba, wani yana sulɓewa. Ni in na shinshina, abin goge jan farce kawai nake ji. Sai in ɗauko shayina na shagon mamak, wato mai shayin unguwarmu, in jujjuya shi, in lumshe ido in sanar da cewa ina jin ƙamshin takalmin Baba da hawayen ɗalibin da bai gama rubutunsa ba. Yaya takan ce mini aku, wai in ɓace mata da gani kafin ta gwada bokitin a kaina.

Otal ɗin mutum ɗaya za su riƙe cikin masu koyon aikin, kuma gwajin ɗanɗano ne zai raba gardama. In Yaya ba ta ci ba, takardar zamanta za ta ƙare tare da karatunta, ta koma Najeriya ita kaɗai ta bar mu. Da gwajin ya matso sai na ga ta daina cin yaji, ta daina shafa mai, ta koma wanka da wani sabulu mara ƙamshi. Ta rantse daga baya cewa ta yi mini bayanin dalili, amma mai yiwuwa ina magana a lokacin. Ni dai abin da na gani shi ne damuwa ta sa yayata ta saki kanta, kuma tausayinta ya kama ni.

Muna da maƙwabciya 'yar Maiduguri, matar wani ɗalibi, muna kiranta Hajiya. In ta wuce ta baranda, ƙamshinta kan tsaya ya gaisa da mutane bayan ta shige. Na je na gaya mata Yaya za ta je ganawar neman aiki, ban faɗi wane iri ba. Hajiya ta ce mace ta fita babbar rana ba turare, ai gara ta fita ba takalmi. Ta ba ni aron kasko da gawayi da kabbasa, kwandon nan da ake kifawa a kan kasko a shimfiɗa tufafi a kai, ta ɗebo mini turaren wuta a kwalba. Ta ja mini kunne cewa ɗan kaɗan ake sawa, 'yata, wannan ba na wasa ba ne. Ni kuma na ga yayata ɗaya ce a duniya, me zai sa in yi mata rowa.

Da safen gwajin Yaya ta sauka ƙasa shan iska. Na hura gawayi a ɗakinta, na juye rabin kwalbar, na shimfiɗa farar rigarta da baƙar kwat da wandon da ta goge, na rufe taga da ƙofa don kada albarkar ta tsere. Yaya ta ce tun daga cikin lif ta ji ƙamshin. Da ta buɗe ɗakin, hayaƙi ya fito kamar an saki fursunoni. Ta kutsa ta fizgo kayan, ta fito tana atishawa, idonta ja. Na tsaya ina murmushi ina jiran godiya. Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ne ya tsorata ni. Ta tambaya a hankali ko na san ba a barin mai ƙamshi ya shiga ɗakin gwaji, tunda zai lalata hancin kowa. Ta tambaya ko na san yanzu in aka ba ta ruwan kwata da ruwan inabi ba za ta bambance ba. Ta ce, auta, kin kashe ni, kuma da kyakkyawar niyya, ko tsine miki ba zan iya yi da daɗi ba.

Duk wata riga da ke gidan ta sha hayaƙi, sai farar rigata ta makaranta da ke shanye a waje. Ita Yaya za ta sa, don haka Mama ta farke bajen makarantar da reza tana faɗin abin da za ta yi wa kunnuwana in ta gama. Baƙin wando kuwa daga kwandon wanki aka tono shi. Yaya ta yi wanka har fatarta ta gaji, amma kitsonta ya riga ya riƙe ƙamshin. Mama ta ɗora mini jakarta ta ce in raka ta, kuma in ba ta ci ba in nemi wasu iyayen a hanya. A jirgin ƙasa Yaya ta riƙa cusa hancinta a cikin gwiwar hannunta tana shinshinar fatarta, wai haka ake wanke hanci. Mutane na kallonmu. Ni kuwa ban ce uffan ba har muka sauka, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gidanmu.

Mai gwajin wani tsoho ne siriri, ɗan ƙasar nan amma asalinsa Ba'indiye. Yana tsaye a ƙofar ɗakin, tun ba mu iso ba ya ɗaga hanci sama. Ya ce itacen sandal, da sukarin da ya ƙone, da miski, da wani abu mai daɗi da bai sani ba. Kwalbar Hajiya ce ya karanta daga nesa kamar an rubuta a allo. Ya dube ni, ya dubi Yaya, ya ce da alama akwai mai ƙaunarta a gida, amma ƙaunar ba za ta shiga ɗakinsa ba. Ya ce ta jira kowa ya gama, sannan a gwada ta ita kaɗai da ƙofa a buɗe. Haka aka yi na samu zama a kujerar waje ina jin komai.

Aka fara da farin. Yaya ta ce lemo, ta ce tuffa, sai hancinta ya ƙi ba ta ƙari. Ta faɗi sunan ƙasar da take zaton an yi shi, tsohon ya girgiza kai, na san ba ta ci wannan ba. Aka tura mata jan. Ta jujjuya, ta shinshina, ta kurɓa ta tofar, ni kuwa ina ji kamar zan tsufa a kujerar. Na yi wa Allah alkawarin da na san ba zan iya cikawa ba, har da daina surutu. Sai na ga ta rufe ido, ta fara magana da wata murya da ban san ta da ita ba. Ta ce akwai zoɓo a gaba, wanda aka dafa da kanumfari. Ta ce a bayansa akwai ɗinya da ta nuna ta faɗo da kanta. Ta ce akwai ƙasar da ruwan farko ya taɓa, da sabuwar fata a rumfar dukawa, can ƙarshe kuma masoro yana ɗan cizon maƙogwaro ya ƙi tafiya. Abin da nake kira abin goge farce, ashe kasuwa guda ce a ciki har da damina.

Tsohon ya tambaya mene ne ɗinya. Yaya ta ce wani ɗan baƙin abu ne mai zaƙi da ɗan ɗaci, yana baƙanta haƙora, kakarmu ke tsinto mana a bayan gida. Ya ce to, daga ɗinyar kakarta, wane inabi ne wannan kuma daga ina. Ta faɗi wani suna da harshena ba ya iya juyawa. Ya shinshina nasa kofin ya daɗe, sannan ya ce jan ta same shi, farin ta ɓata, kuma ya san wanda ya ɓata mata. Ya ce ta dawo mako mai zuwa a sake farin kaɗai, ba hayaƙi, ba ƙanwa.

Wannan makon shi ne azabata. Yaya ba ta zage ni ba, ba ta dake ni ba, gaisuwa kawai take amsawa. Na mayar wa Hajiya kaskonta na faɗa mata gaskiyar aikin. Ta riƙe baki ta ce Allah ya shirye mu baki ɗaya, sannan ta duba kwalbar ta ce ashe ba rigar na turara ba, unguwar na turara. Ranar da Yaya ta dawo daga gwaji na biyu ta wuce ni ta shiga ɗaki, sai ga ta da kofi. Ta miƙo mini ta ce aku, zo ki nemo ɗinya, an ɗauke ni. Na zura hanci na nema iya ƙarfina. Na sami zoɓon, wallahi na same shi, na yi tsalle. Ɗinyar ce ban samu ba, kuma sai na gane dalili: ban taɓa ganinta ba, kakarmu ma a hoto na san ta. Yaya ta ɗauko garinmu ta zo da shi a hancinta duk shekarun nan, ni ina gefe ina yi mata dariya.

Abin da na koya shi ne, aikin da ba ka fahimta ba, ba wasa ba ne don kawai ya ba ka dariya. Ga 'yan'uwana masu rawar kai irina, in za ku yi wa mutum alheri ku fara tambayarsa, ku kuma rufe baki har ya gama amsawa. Har yau ban kurɓa ba, harshena yana nan inda Mama ta bar shi. Amma na roƙi Baba in za mu je gida hutu, kafin a kai ni gaida kowa, a fara kai ni gindin ɗinya.