Hannuwan da Kwando Bai Ɗauka Ba

Luvenia ce ke riƙe da kwando a ƙofar coci, duk mai fita zanga-zangar lumana ta yau sai ya ajiye wuƙarsa a ciki. Wannan ƙaton ba ta san shi ba. Kwat ta matse masa kafaɗu, yatsunsa duk tabon zarto. Ya jefa wuƙa, ya tsaya yana kallon hannuwansa.

"'Yar'uwa, waɗannan fa? Kwandon zai ɗauka?"

"Su kam kai za ka ja musu linzami, ɗan'uwa."

Yanzu ga shi a sahun gaba, tana bayansa, a ƙofar kotun garinsu na Alabama, inda har famfon shan ruwa an ware na fararen fata daban da na baƙaƙe irinsu. Kowa ya sa buroshin haƙori a aljihu saboda kwanan kurkuku. Shi nasa a baya ya riƙe, da hannu biyu.

Wani ɗan sanda ya tokare masa haɓa da kulki. "Kai yaro, duk girman nan na banza ne? Taɓa ni mana!" Ya tofa masa yawu.

'Yan sanda masu bindiga da karnuka naushi ɗaya suke jira su afka wa kowa, ga tsofaffi cike da sahu. Luvenia na kallon jijiyar wuyan ƙaton tana harbawa. Ba kulkin yake tsoro ba. Wataƙila hannuwan nan sun taɓa kwantar da wani bai tashi ba.

Ƙas! Buroshin ya karye, jini na ɗiga daga tafinsa. Yawun na gangarowa a kumatunsa, bai goge ba. Gogewa sai an ɗaga hannu.