Tsakar Bature a Ɗakin Ajiyata

A lokacin ina da yara biyu, muna haya a Panshekara. Ni ba mai yawo ba ce, duniyata kicin da rediyo da hirar maƙwabta. Maigidana direba ne na wani bature a wata masana'antar fata a Challawa. Da baturen zai tafi hutu ƙasarsu, sai ga maigida ya shigo rungume da akwatin gilashi. Na leƙa, na yi salati na ja da baya. Tsaka ce! Ba irin tamu ta bango ba, rawaya mai ɗige-ɗige da ƙatuwar jela, amma dai tsaka. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, wai ogansa ya fi son ta da motarsa. Shi zai riƙa kawo mata ƙwari, ni kuwa in riƙa jiƙa wani ɗan tsumma da take kwanciya a kai, kada ya bushe.

Ana haka sai surukata ta zo daga ƙauye ganin likita. Inna kuwa ko wucewa tsaka ta yi ta saman tukunya, zubar da miyar take yi. Da sauri na kai akwatin ɗakin ajiya mai rufin kwano, ga zafin bazara. To, a ƙofar ɗakin nan Inna ta shimfiɗa tabarmarta, nan take wuni. Ina tuƙa tuwo hankalina na can, in ɗauko kofin ruwa in mayar, in sake ɗaukowa. Har ta tambaye ni ko ƙwai zan saka ne nake ta zagaye haka. Shi ma maigida jefa ƙwarin yake yi ya fito a guje.

Ranar da aka kai Inna asibiti na buɗe akwatin. Tsumma ya bushe ƙayau, fatar dabbar ta yi fari tana ɓarewa, ta ɗaure mata yatsu kamar zare. Sai na yi abin da nake wa yarana in jikinsu ya bushe: na lakato man kaɗanya a gashin kaza na shafa mata. Yashin cikin akwatin ya manne mata, yatsu biyu suka yi baƙi suka guntule. Daga baya likitan dabbobi ya gaya wa maigida saɓa take yi irin ta maciji, danshi kawai take so, ɗan ruwan ɗumi ya isa.

Da baturen ya dawo bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana duba ƙafafunta, sannan ya miƙa hannu a ba shi makullin mota. Yanzu maigida ɗaukar ɗanyar fata yake yi a cikin masana'anta, ya dawo gida da wari da ciwon baya, kuma bai taɓa cewa ni na ja ba.

'Yan uwana mata, in an kawo muku amanar da kuke ƙyama, ku ce ba za ku iya ba tun a bakin ƙofa. Kunyar Inna na ji, alhali faɗanta na wuni guda ne.