Kujerar da Ta Ƙi Sauka

Shekarun baya, lokacin babban farin nan da ya sa mutane suka koma tonon gidan tururuwa don neman ƙwayar hatsi, ina aikin buga takardu a wani buro, wato ofis, a Agiye. Ni gajere ne, ba na musun wannan. Teburin da aka ba ni kuwa an yi shi ne don wani dogon mutum da ya riga ni a wurin. In na zauna a kan kujerar katako, mashin ɗin buga takarda yana daidai ƙirjina, sai na ɗaga kafaɗu kamar mai shirin tashi sama kafin yatsuna su kai. Kafin la'asar wuya da baya duk sun riƙe.

Na kai kuka wajen majo, babban ma'aikacin asibitinmu. Ya danna bayana, ya ce babu ciwon komai, zama ne ban iya ba. Ya ce in nemi kujerar da za ta ɗaga ni har gwiwar hannuna ta yi daidai da mashin, in jingina bayana sosai, kuma kada in bar ƙafafu suna lilo.

Ana nan sai wani aikin Turawa ya tashi daga garin, aka kawo mana kujerunsu mu zaɓa. Abokan aikina suka rufa wa masu laushi da wurin ɗora hannu. Ni kuwa idona ya faɗa kan wata mai ƙafa guda, wadda mazauninta ke kan ƙarfe mai murɗi: in ka juya ta wannan gefe ta hau, in ka juya wancan ta sauka. Na yini ina gwada ta har na samu tsayin da majo ya ce, na sa akwatin katako ƙarƙashin ƙafafuna. Ciwon baya ya tafi. Gaskiya kuma na ji daɗin ganin kaina a sama, don tun ina lakol, wato makarantar boko, ban taɓa kallon tsakiyar kan kowa ba. Aibinta ɗaya, ƙarfen ya yi tsatsa, ba ya murɗuwa da hannu. Sai ka hau, ka tokare ƙafa da tebur, ka juya da nauyinka duka.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina cikin aiki, na ji sallama a bakin ƙofa. Surukina ne, mahaifin matata. Manomi ne a wani ƙauye gaba da Gazawa, mutum mai rumbuna da baki ɗaya, wanda a shekarun ƙoshi shi ake zuwa wa aron iri. Matata ce 'yarsa ta fari, ko sunanta ba ya kira, balle ya tako inda nake. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa shiga gidana ba.

Na diro daga kujera na durƙusa. Ya rame ƙwarai, rigarsa ta yi masa yawa, ƙafafunsa sun yi furu-furu. Na jawo masa benci, ya ƙi, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa jikin bango.

"Malam, koma ka zamna bisa aikinka," in ji shi. "In ka gama, ina da 'yar magana."

"Baba, aikin zai jira."

"Aikin hukuma ba ya jira. Zamna."

Sai na rasa yadda zan yi. Ba na iya yi masa musu, kuma ba na iya ɗarewa can sama surukina yana ƙasa yana kallon tafin ƙafata. Dabarar da ta zo mini ita ce in hau, in yi maza in sauke kujerar ƙasa-ƙasa, ta yadda ko ban yi daidai da shi ba, ban yi masa rumfa ba.

Na hau, na tokare tebur, na juya. Ban tuna da cewa kowane juyi sai na ba shi baya ba. Fuska, ƙeya, fuska, ƙeya, kuma duk lokacin da na zagayo muka haɗa ido sai in ce, "Sannu, Baba." Shi kuma ya ce, "Yawwa, Malam." Ga rikicewa ta sa na ɗauki gefen da ba shi ba. Ina jin ƙafata tana barin tebur, na ɗauka saurin da nake ne, sai na ƙara ƙarfi. Ashe hawa nake. Murɗin ya ƙare, mazaunin ya fice daga ƙarfen, ni da shi muka zube a gaban tsohon, hulata ta gangara har bakin ƙofa.

Shi ne ya ɗaga ni. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake runtse ido. Da ya kama damtsena, na ji babu komai a jikinsa sai ƙashi, amma ya yunƙura ya ja ni, ni da nake cin abinci sau biyu a rana. Kafin in miƙe, buron ya cika. Abokan aiki, direba, masu jiran takarda a waje, kowa ya leƙo. Da suka ga ban karye ba, aka fashe da dariya, wani yana kwaikwayon juyin, wani yana cewa da ma sun san wata rana zan tashi sama.

Surukina ya ɗauko hular, ya kaɗe ta, ya miƙo mini. Ya dubi taron nan, ya sa takalminsa.

"Baba, maganar fa?"

"Babu komi. Na zo kasuwa ne, na ce in ga lahiyarku. A gaida mutanen gida."

Na raka shi har bakin hanya ina roƙonsa ya biya gida ya sha ruwa. Ya ce abokan tafiya suna jiransa. Hannunsa babu ko ƙullin gishiri da zai nuna kasuwa ya zo.

Da yamma na ba matata labari, ina ɗan dariya don in rage wa kaina nauyi. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Baba ya taho buronka da ƙahwarshi?"

Na ce eh.

"To, rumbu ya ƙare."

Muna da ɗan hatsin da muka tanada. Amma sai muka tsaya shawarar yadda za a kai. In na bi shi da buhu washegari, ya san na karanta abin da ya kasa faɗa, kuma hakan zai fi yunwar yi masa ciwo. Matata ta ce a jira a samu mai zuwa, a aika wa mahaifiyarta a matsayin tsaraba. Mai zuwa bai samu ba. Daga ƙarshe na ce ko ma me zai ji, ni zan kai. Na ɗora buhun a motar Gazawa, daga can na hau amalanke.

Na tarar da ƙofar gidan an tare ta da ƙaya. Maƙwabcinsa ya ce sun bi ayarin da ya tsallaka Najeriya ta hanyar daji, shi da iyalinsa duka.

"Ya ce mana zai je Agiye ya gwada wani wuri," in ji maƙwabcin. "In an dace, ya zamna ya jira damina. Da ya komo bai ce ma kowa komi ba, sai muka ga yana ɗaure kaya."

Na zauna a kan buhun nan a ƙofar gidan, na daɗe ban iya tashi ba.

Sai bayan damina biyu suka dawo. Allah ya sa da ransu, amma tsohon da ake zuwa wa aron iri ya yi dako a tashar wani gari, kuma bayansa bai ƙara miƙewa ba. Bai taɓa tayar da zancen ba. Sau ɗaya kawai, ranar sunan ɗana, da na durƙusa gaishe shi, ya dube ni da ɗan murmushi ya ce, "Malam, kujerar nan taka ta gyaru?" Na ce ta gyaru, Baba. Na so ƙasa ta buɗe.

Na sani ban yi da gangan ba, kowa ya gaya mini haka, har matata. Amma kunyar ba ta bar ni ba. Ladabi nake nema in yi masa, kuma garin neman ladabin na cinye masa 'yar damar da ya tattara ƙarfin zuciyarsa ya zo nema. Da na zauna kusa da shi a ƙasa na ƙi tashi, da ya yi faɗa kaɗan ya faɗi abin da ya kawo shi. Tun daga lokacin na ajiye tabarma a bayan ƙofar buro, har na yi ritaya.

Kwanan baya ɗana ya kai ni wani shago a Maradi, wai zai saya mini kujerar zamani saboda bayana. Mai shagon yana ta nuna mini inda ke tallafe ƙugu, da inda ake ɗora hannu, da yadda take kwantawa. Na bar shi ya gama, sannan na ce ya nuna mini yadda ake sauke ta. Ya ja wani ɗan ƙarfe a gefe, ta yi ƙasa nan take, ba juyi, ba ba da baya.

Ɗana ya ce, "Baba, lafiya? Idonka ya yi ja."

Na ce masa a ɗauki wannan.