Ranar da Ya Rage wa Inji Mai

Tsufa ya share min abubuwa da yawa daga zuciya, amma wannan da zan ba ku labari, ina jin da shi za a sa ni a ƙasa. Ya faru ne a shekarun da farar hula suka dawo mulki, Abuja tana ta buɗewa, ko'ina ka duba sabon titi ne shimfiɗe, ga motoci masu tsada a hannun yaran da ba su san zafin nema ba.

A Kurudu muke zaune a lokacin. Maigidana direba ne a wata ma'aikatar tarayya, rabin wata yana kan hanya. Ɗana na fari kuwa bakanike ne a wani gareji a Utako, shekarunsa ashirin da 'yan kai, hannunsa da albarka a kan inji. To, inda na tashi uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna damuwa a kansa a gaban jama'a. Haka na ga an yi, haka na yi. In zan ba shi abinci sai in ajiye in ce, "Ga na mutane nan." In ya yi laifi, babansa nake gaya wa. Mata suna yabona da kunya, ni ma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin yabon.

'Ya'yan manya suna da wata al'ada a lokacin: ranar Lahadi da la'asar su taru a sabon titin da ya miƙa wajen Kuje, su yi tseren mota. Ɗaya daga cikinsu ya ba ɗana motarsa, ja mai ƙofa biyu, ya gyara kuma ya tuƙa masa, don shi mai motar tsoron gudun yake.

Ranar Asabar ya shigo da ita unguwa. Ina bakin ƙofa ina tsintar shinkafa, ya ɗauki tsohuwar robata ya kwanta ƙarƙashin motar, ya kwance wani noti. Mai ya fara zuba, sabo fil, kamar zuma. Ya fito ya zaro siririyar sandar nan da ake gwada mai da ita, ya goge, ya mayar, ya duba, ya koma ya ƙara zubarwa. Sandar tana da zane biyu. Daga inda nake na ga man bai ko kai na ƙasan ba.

Na ce, ina kallon faifai, "Ni dai ban taɓa ganin miyar da aka hana wa mai ta ƙi kamawa ba."

Ya yi dariya daga ƙarƙashin mota. "Mama, da wa kike, da ni ko da shinkafa?"

"Da mai kunne."

Sai ya fito yana goge hannu. "Kin tuna rafin garinmu? In ruwa ya kai gwiwa, mutum ba ya iya gudu a ciki. In a idon sawu yake, fit sai ki wuce. Haka ƙarfen da ke juyawa a cikin injin nan yake. In mai ya yi yawa, iyo yake yi a ciki, yana kaɗa shi har ya yi kumfa, ƙarfi ya tafi a banza. In na rage, inji zai sake, ya ƙara doki." Da doki suke auna ƙarfin inji, wai kowace mota tana da adadin dawakanta.

A raina na ce, rafin in ya ƙafe fa? Amma na ga na riga na yi masa magana fiye da ƙima, sai na haɗiye. Babansa ba ya gari, kuma ba shi da waya a lokacin.

Washegari bayan azahar ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina. "Mama, zan tafi. A yi min addu'a." Ya daɗe a tsugune, ba kamar yadda ya saba ba. Maganar tana bakina: ka mayar da man nan, ko kuma kada ka je. Amma maƙwabta biyu suna tsakar gida suna kitso, suna jinmu. Ban ɗaga kai ba na ce, "Allah ya kiyaye."

Kafin magariba ogansa na gareji ya yi sallama, wani dattijo ɗan Gbagyi da ya koya masa aiki tun yana ƙarami. Bai zauna ba. Ya ce, "Mama, ɗauki mayafi."

A barandar asibiti ya yi min bayani. "Mota ba shi da laifi, Mama. Gaskiya yaro ya faɗi, rage mai yana ƙara ƙarfi, a miƙaƙƙen hanya ya wuce kowa. Amma rage yana da iyaka. Da ya shiga kwana da gudu, ɗan man da ya saura ya kwanta gefe ɗaya, famfon da ke tura mai ya ja iska. Ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya cije, tayan baya ya tsaya cak. Daga nan mota ya fara juyawa." Ya share fuska da hularsa. "Na ce masa kaɗan zai rage. Ya ce oga, ka tsufa."

Kwana huɗu bai san inda yake ba. Wata nas ta ce min, "Hajiya, ki riƙa yi masa magana, ki kira sunansa, yana iya ji." Na duba hagu da dama kamar mai shirin sata, sannan na sunkuya na kira. Sunan ya yi min nauyi a baki, tun ranar suna ban taɓa furta shi ba. Na yi ta kira har ya buɗe ido. Abin da ya fara cewa, da kyar, shi ne, "Ashe kin san sunana."

Likitoci suka ce ƙashin baya ne. Ƙafafun ba su sake ɗaukarsa ba har yau. A zaune yake gyaran janareto a ƙofar gida, kuma bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Sau ɗaya dai, bayan kusan shekara, ina shafa masa mai a ƙafa, ya ce, "Mama, ranar nan ni ma tsoro nake ji. Na san na rage da yawa. Jira nake wani ya hana ni, in sami abin faɗa wa mai mota."

Na ci gaba da shafa masa man. Na yarda da ƙaddara, abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa. Amma na koyi cewa kunya ado ce a inda ake zaman lafiya, ba a inda rai yake ba. Duk uwar da ta ga ɗanta ya nufi rami, ta kama sunansa da ƙarfi ta ce ya tsaya, ko da duk unguwa tana saurare. Surutun mutane kwana biyu ne, ya wuce. Shirun da na yi kuwa bai wuce ba: kullum da safe ni nake tura ɗana a keken guragu zuwa bakin ƙofa.