Jan Ƙyallen da Muka Sauke

A cikin mota na yi shekarun farko na aurena. Idan na faɗa wa jikokina haka sai su yi dariya, su ce da Larabcinsu wai kaka ta fara ruɗewa. Ban ruɗe ba. Tsohuwar lori ce maigidana ya saya a Jidda, ya sa kafinta ya rufe bayanta da katako, aka fitar da taga biyu, na ɗinka musu labule da tsohon zanena. A ciki akwai gado, da risho, da randar ruwa da muke ɗaurewa da igiya don kada ta kife a gargada. Ƙarƙashin gadon kuma dogon akwati ne na zuba kaya. A wani fili bayan unguwar Zahir da ke Makka muke ajiye ta, kusa da wasu motocin irinta, duk na mutanenmu da suka biyo ta Chadi da Sudan. Idan aiki ya samu, gida da matar gida duk tare ake tafiya. Na tsani zafin motar nan, na tsani warin mai a cikin tuwona, amma a cikinta na fara zama matar gidan kaina.

Direbobinmu suna da wata ƙungiya ta taimakon juna a hanya. Kowa yana kawo abin da ya sawwaƙa, wannan gwangwanin mai, wancan tsohuwar taya, suka haɗu suka riƙe wata shuɗiyar akori-kura mai sarƙa a baya, aikinta kawai bin hanyoyi tana jawo wanda ya lalace. Ƙa'idarsu biyu ce. Idan motarka ta mutu, ka ɗaura jan ƙyalle a dogon kara ka kafa a kanta, za a tsaya maka ko da wa kake faɗa. Idan kuma babu ƙyalle, ba a tsayawa, ba a leƙe, ba a sallama. Dalili kuwa, motocin nan gidaje ne, akwai matan mutane a ciki, sannan da yawanmu ba su da iƙama, wato takardar zama. Tsayawa a kan mutum ba gaira ba dalili jawo masa ido ne. A lokacin na ga ƙa'idar nan ta yi, har ina yabon hankalin wanda ya kawo ta.

Mahaifina yana Sudan a shekarun nan. Tare muka baro ƙauyenmu na ƙasar Kano ina ƙarama, da niyyar aikin Hajji. Mahaifiyata ta rasu a Chadi. Ni na girma a gonakin auduga, aka yi mini aure, na riga shi tsallako teku. Shi kuwa ya taɓa zuwa har bakin ruwa, askarawa, wato jami'an tsaro, suka kama shi babu fasfo, suka mayar da shi baya a ɗaure a bayan mota. Tun daga nan ko kakin ɗan makaranta ya gani sai ya nemi wurin ɓuya. Ga tsufa, ga tarin da ƙurar auduga ta bar masa a ƙirji. Duk wanda ya zo daga can saƙonsa ɗaya ne: ku gaya wa uwata ina nan tafe, sai na tsaya a Arfa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da wani suna ba sai uwata.

A ƙarshe ya sami wani jirgin ruwa na masunta da ke sauke mutane a ɓoye can kudu, wajen Lis. Muka ɗauki gidanmu muka tafi tarye. Mun daɗe a bakin tekun nan muna jira, har watan Zulhajji ya kama, na fara fid da rai. Ranar da aka sauke shi ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ya zama ƙashi da fata, yana tari yana dafe ƙirji, amma haraminsa na nan fari fat a ƙunshe cikin buhu, bai bari ruwan teku ya taɓa shi ba.

"Uwata, saura kwana nawa?" Ita ce tambayarsa ta farko, ko gajiyar hanya bai bari na yi masa ba.

Maigidana ya ce, "Baba, akwai lokaci, in Allah ya yarda a Mina za ka kwana."

A Yalamlam ya yi wanka ya ɗaura harami. Ina jin muryarsa daga bayan mota yana talbiyya, tari na katse shi yana komawa farko. Hanyar ba kwalta ba ce, yashi ne da duwatsu. Ana gobe Arfa, da hantsi, muka ji wani ƙara daga ƙasa kamar an fasa tulu, motar ta yi gaba kaɗan ta tsaya. Maigidana ya shiga ƙarƙashi ya fito fuskarsa a murtuke. Ƙarfen da ke juya ƙafafun baya ne ya karye gida biyu, abin da ba a gyarawa da waya ko guduma. Ya ɗauko jan ƙyalle ya hau sama ya kafa.

Baba ya tambayi mene ne wannan. Na yi masa bayani har da alfahari, na ce mutanenmu ba sa barin nasu a hanya, yanzun nan zai ga shuɗiyar mota ta zo ta ja mu. Ya ce madalla, ya ci gaba da talbiyyarsa.

Hanya ta yi tsit, domin duk mai mota ya riga ya wuce Mina. Sai bayan azahar muka hango ƙura daga wajen Makka. Na yi guɗa, wallahi na yi. Maigidana ya kare ido da hannu yana kallo, can sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Motar da ke tahowa ba shuɗiya ba ce. Jif ce mai launin kaki, irin ta askarawa sak.

Baba ya leƙa ta taga ya gani. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar babban mutum ba. Ya kama hannun surukinsa, su da ko ido ba sa haɗawa don kunya.

"Ɗana, don Allah. Idan suka mayar da ni wannan karon, ba zan sake ganin teku ba."

Maigidana ya haye sama da gudu ya fizge ƙyallen. Ni na zazzage kayan akwatin ƙarƙashin gado, Baba ya shiga ya lanƙwashe, yana ce mini, "A hankali, uwata, kada murfin ya taɓa mini kai, ina cikin harami." Na sa tsintsiya na tokare murfin, na ja labule. Muka zauna shiru, ina jin yana danne tari da gefen haraminsa.

Jif ɗin ta rage gudu da ta zo daidai da mu. Ta tsakanin labule na ga direban, ya naɗe fuska da rawani saboda ƙura, yana kallon saman motarmu. Ya ɗan jima yana kallo, sannan ya taka mai ya yi kudu. Muka fito da Baba jiƙe da gumi, yana ta hamdala. Har murna muka yi. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau, murnar da muka yi. Maigidana ya mayar da ƙyallen, muka ci gaba da jiran shuɗiyar mota.

Ba ta zo ba. Washegari da sassafe maigidana ya tafi a ƙasa neman taimako, bai sami kowa ba sai wani Balaraben ƙauye mai awaki da ya ba shi nono a ƙwarya, ya ce masa duk mai abin hawa yana Arfa. Haka ya dawo hannu biyu. Da rana ta karkata Baba ya ce a fito da shi. Ya tambayi ina ne wajen, maigidana ya nuna masa da hannu can bayan duwatsu. Ya jingina da jikin motar ya fuskanci wurin, ya ɗaga hannu. Na ce ya zauna ya ƙi. Haka ya tsaya har rana ta faɗi. Ni dai na koma ciki na kifa kai a kan randa na yi kuka, don ban iya kallonsa ba.

Ranar Sallah da hantsi ƙura ta taso daga kudu. Jif ɗin nan ce ta dawo. Wannan karon Baba ya ce a bar ƙyallen, su kama shi in sun ga dama, ba abin da ya rage. Motar ta tsaya, direban ya sauko ya kwance rawani, sai ga baƙin mutum irinmu, da Hausar Damagaram a bakinsa.

"Ya jama'a, ku ne na Zahir? Wallahi ku nake nema! Shekaranjiya na wuce motar ga, na duba na duba, babu ƙyalle. Na ce gidan mutane ne, ban da hurumin tsayawa. Har Lis na tai ina cigiyarku."

Ashe muna bakin teku shuɗiyar motar ta mutu murus. Ƙungiya ta sayi wannan a gwanjon tsofaffin motocin soja, hidimar Hajji ba ta bari an sake mata fenti ba. Da aka ga ba mu dawo ba aka turo shi nemanmu. Shi kuma sabon zuwa ne, bai san motarmu ba, abin da aka gaya masa kawai ya nemi jan ƙyalle a hanyar kudu. Saboda mu shi ma bai ga Arfa ba a shekarar.

Na buɗe baki zan zage shi, na rasa da wane laifi. Na juya kan maigidana, shi ma na rasa. Sai na hau zagin fenti, ina ihu a tsakiyar daji kamar mahaukaciya, wai mutanen da suka iya sayen mota sun kasa sayen gwangwanin shuɗi ɗaya. Baba ne ya ce, "Ya isa, uwata. Bawan Allah ya bi abin da aka ce masa." Aka ɗaura sarƙa aka ja mu.

A Makka ya yi ɗawafi da sa'ayi a kan makarar da ake ɗaukar marasa ƙarfi, ya yi aski ya kwance harami, kamar yadda malamai suka ce wanda Arfa ta kuɓuce masa ya yi. Ya ga Ka'aba, ya yi kuka a gabanta, wannan kam na gode wa Allah. Maƙwabtanmu na filin Zahir suna zuwa gaishe shi suna cewa sannu Alhaji, shi kuwa sai ya girgiza kai ya ce su bari, bai tsaya ba tukuna. Tarin ya ci gaba da cinsa. Mun sani, shi ma ya sani, baɗi ta yi masa nisa.

Da aka gyara motar, cikin Muharram, maigidana ya ce bari mu kai shi ko ganin wurin ya yi. Muka bi ta Aziziyya muka fita. Filin Arfa babu kowa, sai turakun tanti da aka bari, da takalma wari-wari da aka yar, da awaki na kiwo a gindin dutsen. Maigidana ya tsaya a tsakiyar filin ya kashe mota. Na ɗage labule, Baba ya daɗe yana kallo. Na buɗe ƙofa na miƙa masa hannu.

"Baba, sauko ka taka."

Ya dubi ƙasar, ya dubi ƙafarsa, sannan ya janye ta ciki.

"A'a, uwata. Bari sai ranarta."

Muka juyo gida. Bai kai Rajab ba.