Shingen da Ya Yi Fure

A cikin watan Agusta na 1960, kwanaki kaɗan bayan bikin 'yancin kai, Baba ya tashe mu da sassafe ya ce kowa ya ɗauki abin aiki, yau za a yi sassabe a bayan gida. Gidan na wani Bature ne mai sayen gyaɗa a Gazawa, wanda Baba ya yi wa gadi, da ya tashi komawa ƙasarsu ya bar mana shi. A bayansa akwai wani fili kusa da rijiya da matar Baturen take kira jardan, wato lambu, amma tun da ta riga mijinta tafiya ba wanda ya sake waiwayarsa. Tafasa da ƙarangiya da gamba sun rufe shi har sun fi ni tsawo, ga wata irin ƙaya da ba mu san sunanta ba ta sarƙe ko'ina. Ina da shekara tara lokacin, kuma na tsani ranar nan tun daga farkonta, don ƙawayena suna can suna gaɗa a dandali ni ina nan ina cire ƙarangiya daga zanena.

Niyyar Baba a fili take: a share wurin, a yi wa awaki garke. Yana sara da adda, ni da Inna muna jan ciyawa, har rana ta ɗaga. Can sai na ga Inna ta durƙusa a gindin ƙayar ƙarshe da ta rage, ta riƙe wani jan fure a hancinta, ta ƙi tashi. Na zaci kunama ce ta harbe ta. Da ta ɗago, idonta cike da hawaye, ta ce wa Baba, "Malam, kar ka sare wagga. Wardi ne." Daga baya ta ba ni labari cewa mahaifiyarta tana da wata 'yar kwalbar turaren wardi da wani alhaji ya kawo mata tsaraba, ta yi ta adana ta shekara da shekaru, kuma da ragowarsa aka shafe likkafaninta. Inna ba ta sake jin ƙanshin nan ba sai ran nan. Ita a tunaninta wardi a Makka kawai ake samunsa, kamar zamzam, ba ta taɓa sanin cewa tsiro ne mai saiwa da ƙaya ba.

Baba ba mugu ba ne, amma manomi ne, abin da ba a ci bai ga dalilin ba shi ruwa ba. Ya ce ya bar mata wannan kusurwa har a gama kaka. In an saki dabbobi ba ta nuna masa komai ba, wurin ya zama na awaki. Sauran rassan da ya riga ya sare kuwa, ya yi da su abin da kowane Bahaushe yake yi da ƙaya: ya kafe su a ƙasa a bayan darnin gida, wajen da ruwan wanke-wanke da na alwala yake fita, don su tare mana jakunan maƙwabta.

Daga nan wahalata ta fara. Inna 'yar manoma ce gaba da baya, don haka ta nemi iri. Ta tsince wasu jajayen 'ya'ya a jikin itacen, ta shanya, ta fasa, ta sare rami ta zuba ƙwayoyin ta take da diddige kamar mai shukar gero. Kullum kafin in tafi lakol, wato makarantar boko, sai na ja guga na shayar da ramukan nan, in na dawo ma haka, ina yi ina gunaguni. Ciyawa ta tsiro, har da yakuwar da ba mu shuka ba, wardi kuwa ko alama. Uwar itacen kuma Inna ta kashe ta da so. Ta tula mata ɗanyen kashin awaki har wuya, ta ƙara toka, ta cika ta da ruwa, ganyen ya yi rawaya ya zube, gara ta ƙarasa sauran. Matan unguwa in sun zo ɗiban ruwa sai su leƙa su ce, "Ina miyar huren, Hajara, ko ba ta nuna ba?" Inna takan yi dariya tare da su, amma ni da nake kwana kusa da ita na san abin yana cinta. Tausayinta ya sa na daina gunaguni, ko da yake ban daina jin haushin gugar ba.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka cire gyaɗa. Ranar da aka kwance awaki Inna ta ɗauko butarta daga kusurwar ta ba Baba wuri. Da la'asar aka aike ni nemo wata jar akuyarmu mai shegen yawo, na same ta a bayan darni ta miƙe a kan ƙafafun baya tana cin shinge. Akuya dai ba ta cin busasshiyar ƙaya. Na matsa na duba, sai ga ganye shar a jikin wasu daga rassan da Baba ya kafe, waɗanda ruwan kwatami ke bi ta gindinsu, har ɗaya ya ɗauko kan fure. Na ja akuyar da kunne ina ƙwala wa Inna kira.

Baba ya daɗe tsaye a wurin yana shafa gemu. Abin da aka yi ta lallaɓawa ya mutu, abin da ya sare ya yar ya rayu da hannunsa. Washegari ya ɗaura wa jaki igiya ya shiga daji, ya dawo da ƙayar magarya, ya kewaye wurin. Wani maƙwabcinmu ya tsaya yana kallo ya ce tun da yake bai taɓa ganin an yi wa shinge shinge ba. Baba ya ce, "To yau ka gani." A nan Inna ta koyi cewa reshe ake yankewa a dasa, kuma in an rage masa kai ya fi yin fure. Ta yi ta dasawa, wasu su kama wasu su ƙi, har bayan darnin nan ya zama lambu, matan da suka yi mata ba'a suka riƙa aiko 'ya'yansu roƙon reshe. Awaki kuwa a wani gefen aka yi masu garke.

Da Inna ta rasu, ina da nawa 'ya'yan lokacin, na fita bayan darni na tsinko furannin da suka buɗe na zuba a ruwan wankanta, ba mu nemi kwalbar kowa ba. Yau an toshe rijiyar, shaguna ne a wurin, kuma wardi na roba ake sayarwa a kasuwa, ba ya son ruwa ba ya tsoron akuya. Nakan tsaya in taɓa shi, in kai hanci ko da na san ba abin da zan ji. Da za a mayar da ni, da na ja gugar nan ba tare da gunaguni ba.