Wanda Suka Ce Ya Ba da Dorsey a Banza

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana Alton Merriweather yana zaune da jarida a hannu. Ciwon zuciya ne. Shekara tara yana manajan ƙungiyar ƙwallon kwando ta garinmu, amma abin da gidan rediyo ya iya faɗa shi ne, "Wanda ya ba da Dorsey ya mutu."

Yaya, shekara huɗu ana auna ka. Ka miƙa Dorsey Whitlock, ɗan wasan da ba mu taɓa samun irinsa ba, ga wata ƙungiya, ka karɓi 'yan wasa biyu masu zaman benci da damar zaɓen sabon ɗan wasa ɗaya. Aka ƙona rigunan ƙungiya a ƙofar gidanka. Mai askinka na shekara talatin ya ce, "Alton, kawo motarka in ba ka tsintsiya biyu, ai kai gwanin musaya ne." Ka yi dariya, ka koma wurinsa bayan sati biyu.

Ba wanda ya tuna talotalon da kake kai wa masu sharar filin wasa kowace Nuwamba. Ni ma na tsare ka a teburin Mama na ce an cuce ka, kuma ka sani. Ka ce, "Lorraine, abincinki zai huce."

Sai a maƙabarta na ji gaskiyar maganar. Dorsey ya zo ya kama akwatin gawarka, ya kuma ce in rubuta wannan. 'Yarsa ce ke da sikila, likitan da take bukata yana gari ɗaya tak. Dorsey da kansa ya roƙe ka ka tura shi can, ya roƙe ka kada sunanta ya shiga jarida. Waccan ƙungiyar ta san ba ka da wata ƙofa, ta ba ka abin da ta ga dama. Ka ce masa, "In sun sami wanda za su zaga, ba za su nemi yarinyar ba."

To, masu surutu a rediyo da ke tambaya ko an samu daidai ƙimar Dorsey, ga amsarku. Sunanta Nyla, shekararta goma. Na gan ta tsaye da ƙafafunta a bakin kabarin, tana riƙe da hannun matarka Bernadette.

Ban yafe wa garin nan ba tukuna. Kai ka yafe mini, Yaya.

Ubangiji ya jiƙanka, ya ba ka hutun da muka hana ka. Ya ba Bernadette da 'ya'yanku, Curtis da Renee, haƙurin rashinka, ni ma ya ba ni.